Buhu Takwas Sun Isa

Almu ya fito daga ramin rijiyar da yake haƙa, jikinsa duk jar ƙasa, har gira. Ya zauna a baki, ƙafafunsa na reto ciki, ya jawo igiya ya shiga auna ta gaba-gaba, leɓensa na motsi. Hadijatu na tsaye a kansa da ƙwaryar fura, ta gaji da riƙo.

"Kai ƙanen miji, lissafin ga naka ba ya ƙarewa? Amshi furag ga, hannuna ya ƙage."

"Aje nan, matar yaya. In kinka katse ni sai in koma farko, ke ad da hasara."

Ya miƙa hannu cikin gugan ƙarshe da aka jawo, ya damƙo ƙasa, ya buɗe tafinsa a gabanta. Ba ja ba ce irin ta sama. Fara ce mai laushi, tana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa tun bai gama buɗewa ba.

"Mun wuce marmara, rairai na wanga," in ji shi. "Ruwa na kusa. Amma rairai ba ya tsayi shi ɗai, sai an yi mai kwalbati."

Hadijatu ta san kwalbati. Zobba ne na siminti da ake zubawa a tsakar gida, in sun bushe a zura su cikin rijiya ɗaya bisa ɗaya. Mai haƙa yana cikinsu yana ƙwaƙule ƙasar gindinsu, suna nutsewa a hankali, suna tare masa rairayi kada ya rufto. In ana son na kirki, kowane zobe buhu guda yake ci.

"To buhu nawa?"

Almu ya dubi igiyar. Ya leƙa ramin. Sannan ya waiga can gindin dalbejiya, inda ragunan Hadijatu biyu ke ɗaure suna tuƙa. Ɗan'iya, abokin aikinsa mai jan guga, wanda suka yi shekaru suna bin rijiyoyi tare daga nan har ƙasar Kebbe, ya buɗe baki zai yi magana, Almu ya riga shi.

"Takwas."

"Takwas sun isa?"

"Sun isa, har ki samu na shafe murhu."

Ɗan'iya ya sunkuyar da kai ya shiga naɗe igiya.

A wannan ƙauye na gefen Jabo, kowa ya san lissafin magini ba a jingina da shi. Maginin da ya san ciwon mutane ba ya faɗin adadin siminti gaba ɗaya. In aiki na son goma sha biyu sai ya ce tara, domin wanda ya ji goma sha biyu zai ce a bari sai kaka, kuma kakar ba ta zuwa. Amma wanda ya fara ya ga gini ya kai ƙugu, ko ta halin ƙaƙa sai ya nemo sauran. Da irin wannan ƙaryar aka gina rabin garin, har da shagon liman. Su ma masu gida ba a bar su a baya ba. Sun ce hannun magini yakan yi sake in ya ga siminti jibge, sai ya yi ta kwaɓi mai maiƙo kamar miyar biki. Don haka mai wayo yakan sayo da ƙari ya ɓoye, sai magini ya zo yana sosa ƙeya sannan a fito masa da ɗaya. Kowa ya san wayon kowa, kuma ana zaune lafiya.

Almu kuwa ba magini ne kawai ba a wurin Hadijatu. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma ɗan baffan mijinta ne, marigayi Mu'awiya. Tun ranar da aka kawo ta amarya ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce an cuci yayansa, an ba shi gajera, ita kuma ta ce masa ya je ya wanke ƙafa kafin ya yi magana da manya. Yanzu duk sun yi furfura, ba su daina ba. Ba ta taɓa tuna ranar da suka yi magana ta tsawon shan fura ba tare da zolaya ta shigo ba. Ko ranar da Mu'awiya ya rasu, da ya shigo yi mata gaisuwa, zama ya yi ya kasa cewa komai, ya tashi ya fita, washegari ta ga an gyara mata dangar da ta faɗi.

Rijiyar ma shawararsa ce. Famfon unguwa ya mutu tun sanyi, an tara kuɗin gyara an gaji, mata suka koma ɗebo ruwa a fadama. Ɗanta Shafi'u yana kudu wajen nema, ya bar mata matarsa Hamdiyya da tsohon ciki. Hadijatu gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa, sai yarinyar ke zuwa, ta dawo da jarka a ka, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Wata rana Almu ya gamu da ita a hanya zaune bisa jarkar tana haki. Da yamma ya leƙo ta katanga ya ce, "Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gobe ni ka fara, ke dai ki daka fura." Bai yi maganar lada ba, ya ce ai matarsa Ruwaida ma a nan za ta riƙa ja.

Hadijatu ta sayar da ragunan a kasuwar Tambuwal, ta wajen wani dillali ɗan unguwarsu. Abin da Almu bai sani ba, tana da gyaɗa da ta ajiye wajen ƙanenta a Fakku tun bara, ba wanda ta faɗa wa. Ta aika aka sayar da ita. Ta tuna maganar marigayi cewa duk abin da Almu ya faɗa a ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, sai ta sa aka sayo goma sha ɗaya.

Mai amalanke ya iso ranar Juma'a, maza suna masallaci. Ya jera takwas a zaure. Ukun kuwa ta sa ya shigar mata har ɗaki, ya tura su ƙarƙashin gadonta na ƙarfe, ta lulluɓe da tsohuwar tabarma, ta sake zanen gado ya sauko har ƙasa. Ta ba shi goro ta ce bai ga komai ba.

Hamdiyya na tsaye bakin ƙofa tana kallo.

"Inna, da an faɗa ma Baba Almu."

"In ya ga goma sha ɗaya, sha biyat za ya ci. Bari dai ya zaka da ƙafatai ya tambaya, in ji inda na shafe murhun ya tsaya."

Yarinyar ta yi murmushi ta koma bakin aikinta. Suruka ce, ba ta maimaita magana.

Da Almu ya dawo ya tsaya a zaure ya dafa buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa gindin dalbejiya, turaku biyu babu komai sai igiya. Bai zolaye ta ba ranar, ya ce kawai, "Allah shi amfana."

Aka shiga zubi. Suka ɗebo yashi daga rafi, suka tankaɗe tsakuwa, suka kafa ƙarfen da ake zuba zobban a ciki. Hadijatu ta kafa kujera a inuwa tana sa ido, ko za ta kama shi yana ɓarna. Ba ta kama shi ba. Yakan zazzage buhu, ya juya cikinsa waje, ya kakkaɓe shi a kan kwaɓin har sai ya daina ƙura. Wanda ya zube ƙasa yakan share da tafin hannu ya mayar. Ta ce a ranta, ka ga amfanin ɓoyo ke nan. Safe da yamma yana yayyafa wa zobban ruwa, kuma da kansa yake zuwa fadama ya ɗebo, ya hana Hamdiyya.

"Awa jarirai kaka yi masu wanka," in ji Hadijatu.

"Jarirai na. Su ka riƙe min ƙasa in na shiga."

Da suka bushe, mazan unguwa suka taru aka gitta itace a bakin rijiya, aka riƙa zura su da igiya ana salati. Almu ya koma ciki da ɗan guntun daginsa. Bazara ta kai maƙura, ko kaji sun buɗe baki, amma ƙasar da Ɗan'iya ke jawowa ta fara fitowa da sanyi, daga baya ta fara dunƙulewa a hannu. Mata suka fara leƙowa suna yi wa Hadijatu barka tun ruwa bai fito ba.

Ita kuwa jiran abu ɗaya take yi. Zobban sun ƙare, na takwas ya shiga, zaure ya zama wayam. Ta riga ta shirya yadda za a yi. Zai shigo yana sosa ƙeya, ya fara da gaisuwa mai tsawo, ita kuma ta yi kamar ba ta gane ba. Sai ya galabaita sannan ta ce ya shiga ɗaki ya ɗaga tabarma. Wannan abin zolaya ne da zai kai ta har ƙarshen damina, har tana dariya ita kaɗai wajen tankaɗe.

Bai zo ba.

Da la'asar ta lallaɓa bakin rijiyar ta leƙa. Daga sama jar marmara ce, mai tauri, har can ƙasa. A can gindi ga zobban, sun nutse sun bi Almu. Amma tsakanin marmarar da zoben sama akwai fili fari, ya kusa tsayin mutum, babu abin da ya tare shi. Tana kallo wani ɗan rairayi ya tsiyayo ya zuba a kafaɗar Almu, ya kaɗe shi kamar ƙuda.

Da ya fito ta nuna masa da haɓa.

"Wancan farin fa?"

"Kwalliya ta. Ko ba ki son rijiya mai ɗamara?"

Ɗan'iya ya yi gyaran murya. "Almu, ni dai da an samu ko biyu..."

"Kai aikinka igiya. Riƙe ta."

Hadijatu ta dubi Almu ido cikin ido. Maganar ta zo mata har bisa harshe. Amma ya riga ya sa fuskar wasa, ya karkata hula, kuma a gaban Ɗan'iya. In ta faɗa yanzu, ita ta fara saukowa. Ta ce a ranta girman kai ne ke cinsa, ya ce takwas, ba ya son a ce ya yi kure.

"In kana da magana ka faɗi, ƙanen miji. Baki ba ya ciwo."

Ya sake waiwayar gindin dalbejiya, inda kaji ke tono a wurin ragunan. Ya ɗauki gorar ruwansa.

"Magana guda ta. Gobe ki wanke randa."

Kafin magariba hadari ya taso daga gabas, na farko a shekarar. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, amma ya jiƙa ƙasa ya kai na shuka, gari ya cika da ƙamshi, yara suka fita tsalle. Hadijatu na zaune bakin ƙofa tana jin ɗigarsa a kwano, farin filin nan ya ƙi barin idonta. Ta ce to, wasa ya isa haka. Da safe za ta ba shi.

Amma ko bayarwar ma so take ta yi ta yadda ya kamata. Ta tashi da asuba ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai, don ya zauna ya ci tukuna, sannan ta tura shi ɗaki. Tana cikin kwashe kaskon ƙarshe ta ji ƙarar guga a bakin rijiya. Ashe su Almu sun shigo tun ɗazu. Gari duk ya tafi shuka, shi ma yana son ya gama ya bi sahu.

Ta fito da kwanon a hannu, Ɗan'iya shi kaɗai a sama, ya kafa ƙafa yana riƙe da igiya. Ta leƙa.

"Almu, fito. Ina da abin da zan gwada ma."

Muryarsa ta taso daga ƙasa, tana amsa kuwwa, cike da murna. "Matar yaya, ruwa ya zaka. Ido biyu sunka buɗe. Ɗan'iya, ja ta gani."

Gugan ya taso yana ɗiga. Ruwa ne ja, mai kauri, amma ruwa ne. Ɗan'iya ya juye mata a bokiti. Ta sa hannu ta ji sanyinsa har ƙashi. Hamdiyya ta fito tana dariya, hannu a ƙugu.

"Na gani, Allah shi yi ma albarka. Fito dai yanzu, ƙosai na hucewa."

"Guga guda in share gindin, in fito. Ke dai kin cika gaggawa awa amarya."

Ɗan'iya ya mayar da gugan. Hadijatu ta juya za ta ajiye kwano.

Ba ƙara mai ƙarfi ba ce. Kamar an kwance bakin buhun gero ya zube gaba ɗaya. Wata iska mai sanyi ta huro daga ramin, igiyar ta fizge daga hannun Ɗan'iya ta yi tsaye cak. Da suka leƙa, babu zobba, babu ruwa, babu Almu. Farin rairayi ne shimfiɗe lumui, igiyar ta shige cikinsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ɗan'iya, a hankali, kamar mai tsoron kada muryarsa ta ƙara zubo da wani. Sannan ya fita da gudu.

Mazan suna gonaki, sai da aka bi su ɗaya-ɗaya, wasu a babur. Hadijatu ta durƙusa a bakin ramin tana kiran sunansa, sunansa na yanka da ba ta taɓa kira ba, Almustafa, har muryarta ta dushe. Ruwaida ta shigo ba mayafi, hannunta da ƙullun dawa, ta tsaya jikin katanga ba ta matso ba. Da maza suka taru aka ɗaura wa Ɗan'iya igiya a ƙugu aka zura shi. Yana ɗiba, gefe na zubowa. Aka ciro ƙyauren zaure da na ɗakin Shafi'u aka tokare bangon da su, aka riƙa canji, wanda ya gaji a jawo shi wani ya shiga. Wani dattijo daga cikin masu ja ya ce, ba da kowa yake ba, "Da an samu kwalbati ukku nan wurin, da ba haka ba." Hamdiyya ta ɗago ta dubi surukarta, ta mayar da kai ƙasa.

Rana ta take tsaka lokacin da suka kai gare shi. Yana tsaye cikin zobban, dagin na hannunsa, fuskarsa na kallon sama. Zobbansa takwas ko tsagewa ba su yi ba.

Aka yi masa sutura a gidansa, aka kai shi kafin la'asar. Da mutane suka watse Hadijatu ta ga bokitin nan a inda ta bar shi. Jan ya kwanta a gindi, ruwan ya yi garau, kaji sun kewaye shi suna sha. Ta kasa korarsu, ta kasa zubarwa.

Ta yi kwanakin zaman makoki a gidan Ruwaida, gefenta, tana amsa gaisuwa tare da ita. Ran sadakar uku, da mata suka ragu, Ruwaida ta kama hannunta.

"Yaya, na ga ba ki ci ba ki sha. Kak ki sa ma ranki. Ke kin yi naki, abin da yac ce shi kinka sawo."

Ruwaida ta rage murya ta ci gaba.

"Shi ya san ba su isa. Tun farko yac ce min sha ɗaya aikin ka so, amma ya duba ragunanki ya ga takwas za su kawo. Ranar da anka yi ruwan ga nic ce mai ya faɗa maki. Yac ce da wane baki? Mace ta saida abin da ta mallaka, turke ya koma wofi, in koma in ce ta ƙaro? Yac ce bari ruwa ya fito, yarinyag ga ta huta da fadama, in an gama shuka ya saida tunkiyata ya zuba ukkun, ba sai kin sani ba." Ta share ido da bakin zane. "Kin san shi da ke. Komi sai ya maishe shi wasa."

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Baƙin ciki ta sani, ta binne miji ta binne 'ya'ya biyu, amma wannan daban ne, domin babu wanda za ta kai wa shi. Ta buɗe baki, sai ga wasu mata daga Jabo sun yi sallama, Ruwaida ta saki hannunta ta gyara lulluɓi.

Dattawa suka ce a cike rijiyar, aka cike ta da ƙasar da aka fitar. Ɗan'iya ya daina haƙa, ya koma noma. Mata suka koma fadama.

Buhunan suna nan inda suke. Hadijatu ba ta iya ɗaga ko ɗaya, kuma duk namijin da ta kira ya fitar da su, kafin ya kai zaure gari ya ji. Ta ce sai ƙanenta ya zo daga Fakku. Da ya zo gaisuwa, ta dube shi ta kasa. Damina ta zauna sosai, ɗakin ya riƙa tsattsafo ta ƙasa, bango ya yi sanyi. Wata safiya ta zura hannu ƙarƙashin tabarmar ta danna, ta ji babu inda ya lotsa. A kansu take kwana. Hamdiyya na share ɗakin kullum, tsintsiyarta na zagaye wurin.

Gero na fitar da kai Hamdiyya ta sauka, namiji. Shafi'u ya bugo waya daga kudu ya ce a sa masa Almustafa.

Ranar suna gidan ya cika da mata. Ruwaida na takaba, ba ta fito cikin taro ba, sai da yamma ta zagayo ta ƙofar da ke jikin katanga, ta shige ɗakin Hadijatu inda babu kowa. Hadijatu ta kawo mata jaririn. Ruwaida ta zauna a bakin gado ta karɓe shi, ta buɗe fuskarsa ta daɗe tana kallo. Ba ta iya kiran sunan, sai ta ce, "Sannu, maigida. Ka dawo ke nan?" Ta fara jijjiga shi, tana kaɗa ƙafa, diddigenta ya bugi wani abu a ƙarƙashin gadon.

"Yaya, mi kinka aje nan awa dutse?"

Hadijatu na tsaye da kwanon tuwo. Ba ta matsa ta hana ba.

Ruwaida ta riƙe yaron da hannu ɗaya, ta sunkuya ta ɗaga zanen gado, ta janye bakin tabarmar. Takardar buhunan ta yi funfuna ta yayyage, abin da ke ciki ya daskare da siffarsa, har da shatar inda mai amalanke ya kama. Matar magini ce, ba ta bukatar a faɗa mata. Hadijatu na ganin idonta yana bin su, daga na farko zuwa na biyu zuwa na uku.

A waje mata na shewa, wata na kiran a kawo ruwa a randa, ya ƙare.

Ruwaida ta mayar da tabarmar yadda take. Ta saki zanen gadon, ta shafe shi da tafin hannu ya kwanta. Ta gyara wa yaron hula, ta ci gaba da jijjiga shi a hankali, idonta a kan fuskarsa. Ƙafafunta kawai ta janye daga wurin, ta naɗe su a gefe guda.